Shatin Lalle a Baƙin Gilashi

In ka ga mota ta wuce a Gure gilashinta baƙi wuluk, sumul, babu ƙurji babu tattara, ba sai ka tambaya ba, za a ce maka hannun Salihu ne. Haka ake faɗa tun daga tasha har kasuwar dabbobi, har direbobin Diffa masu wucewa sun riƙe sunan. To, ƙarya ce tsagwaronta. Salihu ko ƙullin goro ya yi sai ganyen ya yage. Hannun na Yabawa ne, matarsa, kuma shekara goma sha biyu ke nan garin nan yana yabon wanda bai yi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yabawa 'yar Gidigir ce. Uwarta ta rasu tana goye, ubanta bai shekara ba ya bi, sai yayar uwar, Ya Kaka, ta ɗauke ta. Ya Kaka mai ƙunshi ce, irin wadda amare ke yi wa layi, kuma a gindinta Yabawa ta koyi yanka salatif da reza, ta fitar da fure da ganye, ta manna a ƙafar amarya kafin a shafa lalle. Duk sirrin aikin a wajen mannawa yake. Inda iska ta maƙale a ƙarƙashin salatif, nan lalle zai kutsa ya ɓata zane, kuma Ya Kaka ba ta gyara kuskure da baki, da ranƙwashi take gyarawa. Kafin Yabawa ta shekara goma sha biyar yatsunta sun san iska tun ido bai gan ta ba.

Ita ta ga Salihu ta ce tana so, ba wanda ya tura ta. Ɗan kamasho ne a tasha a lokacin, fari, dogo, ga baki kamar an shafa masa zuma. Aka yi aure ta tare a Gure. Shekara ɗaya, biyu, har bakwai, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. 'Yan'uwansa mata suka sa ta gaba, in sun shigo gidan sai su tambayi lafiyar akuya kafin tata, wai akuyar ko ba komai tana ba da nono. Shi ma gogan ya fara cewa a gabanta ɗakin nan da an zuba masa buhunan hatsi da ya fi amfani. Yabawa kuwa ba ta da inda za ta. Gidan ubanta ya zama kango, Ya Kaka kanta a raɓe take a gidan ɗanta Fadilu. Ɗakin nan guda mai ƙofar langa-langa shi ne duk abin da ta mallaka a duniya, kuma tana kwana tana tashi da tsoron ranar da za a ce ta fita.

Ana nan sai Salihu ya tafi Damagaram ya yi sati biyu yana kallon masu manna baƙar leda a gilashin mota. Kallo fa, ba koyo ba. Ya dawo da naɗi uku na leda da cika baki, ya share rumfar da ke jikin gidan ya ce garaji ne. Motar farko ta wani ɗan kasuwar dabino ce. Wayyo! Da Salihu ya gama da ita, gilashin nan ya fito kamar bayan kwaɗo, ƙuraje tun daga sama har ƙasa. Ya danna nan kumfa ta ɓullo can, ya bi ta can ta dawo nan. Ya yi jifa da robar da yake danna ledar da ita, ya zagi leda, ya zagi wanda ya sayar masa, ya fice wajen masu shayi.

Yabawa ta shigo shara. Ta tsaya ta dubi gilashin, ta shafa, sai ta ga ai wannan salatif ne aka yi wa girma. Ta ɓare ledar ƙofa guda, ta wanke gilashin, ta kankare da reza, ta yanko sabuwa. Ta ɗauko sakaina ta goge bakinta a dutse, ta naɗe da ƙyallen tsohon zane, ta fara tura ruwa daga tsakiya zuwa gefe a hankali. Da Salihu ya dawo ya tarar da ƙofa guda tana ƙyalli a tsakanin uku masu ƙazuwa. Ka ce zai gode? Ina! Cewa ya yi, "Wa ya gan ki?"

"Ba kowa, Malam."

"To, yi sauran."

A satin ya sa aka ja bango aka rufe rumfar, aka kafa ƙofar ƙarfe ta waje, aka huda wata ƙarama ta cikin gida. Ya shaida wa gari cewa rairayi ne abokin gabar aikin, don haka ba mai shiga in yana aiki, ko mai motar ne. Kuma gaskiya ce, rairayin Gure ko a cikin tukunya rufaffiya sai ka same shi, shi ya sa ba wanda ya yi zargi. Sai a shigar da mota, Salihu ya rufe ƙofa, ya ɗan jima, ya fito yana goge hannu wai yana jira leda ta sha ruwa, ya zauna a benci da mai mota yana kwararo bayani. Ita tana ciki, cikin zufa, a durƙushe a kan kujerar baya.

Daga ranar ya tsawata wa 'yan'uwansa, gorin akuya ya ƙare. Ya kuma gaya mata a fili, don Salihu ba ya ɓoye mugunta in daga shi sai ita ne: "Muddin hannun nan yana aiki, ɗakinki naki ne." Bai ƙarasa ɗaya rabin ba, ita ma ba ta bukaci ya ƙarasa ba. Ya kafa doka biyu. Bakinta alaikum, ko Ya Kaka kada ta ji. Sannan ba ita ba lalle, ba ta yi wa wani, ba a yi mata. Mai ƙunshi, jikar masu ƙunshi, ta koma yawo da hannu fari fat, har mata a gidan suna suna zunɗe suna tambayar ko takaba take yi mijin yana raye.

Amma a faɗi gaskiya, ta so aikin, so na haƙiƙa. Ta gano ruwan rijiyar unguwarsu yana da kanwa, yana barin fari a ƙarƙashin leda, sai ta riƙa tara ruwan sama a bido, wato jarka, tun damina, ta tace da kallabi, ta ɗiga masa sabulu kaɗan. Ta raba kumfa gida uku. Akwai ta ruwa, mai laushi in an taɓa, wannan ba a kula ta, rana za ta shanye ta cikin kwana uku in mai mota ya yi haƙuri bai sauke gilashi ba. Akwai ta iska, mai tauri, ita ce ake tsira wa bakin allura a gefe, a bi ta da sakaina har ta kwanta. Sai ta uku, muguwar, wadda ƙwayar rairayi ko gashi ke zaune a tsakiyarta. Wannan ba ta jin lallashi, sai dai a ɗaga ledar a wanke, ko a ɓare a sake. Gilashin baya mai lanƙwasa, wanda ke kunyata ƙwararrun Damagaram, da dutsen guga na gawayi take gasa shi daga nesa har ledar ta bi. In ta gama takan ja da baya ta duba, zuciyarta ta yi fari, sannan ta sulale ta ƙaramar ƙofa kafin a buɗe babba. Daga tsakar gida take jin ana cewa, "Kai, Salihu, Allah ya yi maka hannu!" Shi kuma ya ce, "Baiwa ce."

Shekara uku da suka wuce idonta ya fara. Da farko kamar hayaƙin girki ne bai gama fita ba, ta yi ta murzawa, ta sa kwalli, ta wanke da ruwan sanyi. Hayaƙin ya ƙi tafiya, sai ƙara kauri. Na dama ya riga, na hagu ya bi. Ranar da ta kasa zura zare a allura ta zauna a bakin gado a tsorace, don ta san abin da ke riƙe da ɗakin nan. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta haddace gidan da ƙafa, taku nawa zuwa randa, taku nawa zuwa murhu. A garaji kuwa ta mayar da aikin gaba ɗaya ga yatsu. Ta riƙa bin gefen gilashi da farce tana yanka, ta riƙa shafa leda da bayan yatsa tana neman tudu, har kunnenta ya koyi bambancin kukan sakaina a kan wuri lafiyayye da wuri mai iska. Abin mamaki, aikin bai ragu ba ko kaɗan. Salihu bai lura ba, yaushe ya taɓa duban fuskarta balle ya ga abin da ke cikin idon? In ta yi tuntuɓe da buta sai ya ce tsufa ya zo wa juya da wuri.

Bara, bayan girbi, aka sa bikin Rumasa'u, jikar Ya Kaka, a Gidigir. Da ƙyar da roƙo Salihu ya ba ta kwana uku. Ya Kaka ta tsufa tukuf, amma tsohuwar mai ƙunshi ba a yi mata wasa da ido. Ta miƙa wa Yabawa goro, ta ga hannun ya wuce ta gefe yana lalube. Ta ja ta bayan rumbu, ta ɗaga mata fatar ido da babban yatsa.

"Yanar ido ce, 'yata. Tun yaushe?"

"Don Allah, Inna, ki rufa mini asiri."

"Wane asiri? Ciwo asiri ne? Ana cire wannan, na ga waɗanda aka cire wa suna tsintar tsakuwa a shinkafa."

Yabawa ta riƙe ƙafarta tana kuka har tsohuwar ta yi alkawarin shiru, ba tare da ta gane dalilin ba. Amma a kan lalle Ya Kaka ta kafe. Ta ce ba za a zauna mata a bikin jika da hannu kamar na gawa ba. Yabawa ta san doka, ta kuma san wanda ya kafa ta. Sai dai ta yi lissafin saura kwana biyu ta koma, lallen zai bushe ya kama jiki, abin da zai biyo baya zagi ne, zagi kuwa ta saba. Kuma wallahi tana so. Shekara goma sha ɗaya rabon da ta ji sanyin lalle a tafin hannunta. Da Ya Kaka ta fara shafa mata, ƙanshin ya bugi hancinta, sai hawaye, mata suna ta dariya wai ta fi amarya kukan aure.

Da hantsi, ƙunshin bai ma gama kamawa ba, salularta ta yi ƙara. Salihu ne, yana magana kamar ana binsa da sanda. Alhaji Abatcha, babban dillalin raƙuma, ya kawo sabuwar motar sahara, kat-kat, fil daga leda, yana so a gama kafin la'asar don gobe da sassafe zai tafi Alakos wajen garkensa. Ta shigo motar farko. Ta kwance ƙunshin a hanya, tana murje lallen a gefen kujera.

Da ta iso ya dubi hannun, ja jawur har wuyan hannu. Ya ɗaga nasa zai kai mata mari, ya tuna da hannun da fuskar duk jiki ɗaya ne kuma akwai aiki, ya sauke. "Za mu yi magana," in ji shi. "Wanke ki shiga."

Ta wanke sau uku. Amma ɗanyen lalle ba a raba shi da ƙarƙashin farce da sauri, kuma ruwan sabulu tayar da shi yake. Ta yi aikinta yadda ta saba, gilashi bakwai, ba ta ci ba ba ta sha ba. A ƙofar baya ta dama, wajen ɓare farin bayan ledar, ledar ta so ta naɗe, ta tare ta da yatsu huɗu ta gefen danƙo. Da ta manna ta ji 'yan ƙananan tudu kamar gero, ta ɗauka iska ce, ta bi su da allura ɗaya bayan ɗaya har suka kwanta. Ta shafa, sumul. Yatsa yana jin tudu, amma wane yatsa ne ke jin launi? Salihu bai duba ba, bai taɓa dubawa ba, kuma daga waje a inuwa baƙi ne kawai. Aka buɗe ƙofa, aka yi ta sambarka.

Kujerar baya ta dama nan ce mazaunin mai mota. Washegari rana ta fito a kan hanyar Alakos ta bugi gilashin, Alhaji Abatcha ya ɗaga kai ya ga yatsu huɗu ja, siraran yatsun mace, daidai fuskarsa, da ɗige-ɗigen ja kewaye da su. Kwana uku ya yi yana tafiya da su. Da ya dawo bai wuce gida ba, sai da ya tsaya a tasha ya buɗe ƙofar ya ce kowa ya leƙa. Alhaji mutum ne mai son abin dariya, in dai ba a kansa ba ne. Kafin motar ta iso ƙofar Salihu, mutum ya fi talatin a bayanta.

Yabawa tana tsakar gida tana tankaɗe ta ji hayaniyar. Ta ji muryar Ɗan Talata mai faci, wanda bakinsa ya fi kwampresonsa iska, yana cewa, "Salihu, ashe ƙunshi kake yi ba mu sani ba? Miƙo mu ga zanen!" Aka kwashe da dariya. Ta ji Salihu yana rantsuwa, yana cewa ga hannunsa fari. Ɗan Talata ya ce, "To, in ba naka ba ne, na wa ne? Kai ka ce ko ƙuda ba ya shiga in kana aiki." Sai muryar Alhaji, a sanyaye, irin ta wanda ya ƙoshi: "Ni ba faɗa na zo ba. So nake in ga mai yatsun. In ita ce ke yin aikin, ai gara in san wanda zan gode wa. Ina da motoci biyar."

Rariyar ta faɗi daga hannun Yabawa. Tsoro ya kama ta, amma a ƙarƙashin tsoron, Allah ya gani, akwai wani ɗan daɗi da ba ta taɓa ji ba. Shekara goma sha ɗaya, yau wani ya tambayi mai hannun.

Salihu ya shigo ya fizgo ta ko mayafi ba ta gama yafawa ba. Ya tsayar da ita a rana a gaban maza. Hasken ya cika mata ido, duniya ta zama farin hazo da inuwoyi masu motsi. Wani ya ce, "Ga lallen nan kuwa!" Alhaji ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Ɗora yatsunki a kan waɗancan mu gani ko sun yi daidai."

Waɗanne? Ina suke? Ta san motar, ta san ƙofar tana buɗe don ta ji zafin ƙarfe a gabanta, amma ba ta san ko a sama shatin yake ko a ƙasa ba. Ta miƙa hannu. Ta taɓa ƙarfen ƙofa. Ta lalubo gilashi, ta ɗora yatsunta a tsakiya, ta tsaya.

Shatin yana can sama a kusurwa, ya fi taƙi biyu daga inda ta ɗora, ja ƙarara, ko yaro ya gani daga nesa. Ɗan Talata ya ce a hankali, "La ilaha illallahu. Ba ta gani."

A nan ne Salihu ya ji labarin idon matarsa, tare da 'yan tasha. Yabawa ta ji numfashinsa a bayanta ya tsaya, ta ce a ranta shi ke nan, yau sai Gidigir. Amma ba ta gama sanin wanda ta aura ba. Ɗan kamasho ne fa, mutumin da ke sayar da kujerar da ba ta a mota. Kafin kowa ya haɗiye yawu ya riga ya ga hanya.

"To, kun gani," in ji shi, har muryarsa tana rawa. "Kun tona abin da nake rufewa shekara da shekaru. Makauniya ce. Ba haihuwa, ba ido, na riƙe ta don Allah. Ranar nan na fita alwala, ta shigo tana laluben buta, ta dafa mini leda tana jiƙe. Ku gaya mini, jama'a, makauniya ce ta yi motar Alhaji? Makauniya ce ta yi motocin garin nan duka?"

Allah wadaran naka ya lalace! Nan take magana ta juya. Masu dariya suka koma jinjina kai. Wani dattijo ya ce samun irin Salihu sai an tona. Alhaji Abatcha dai bai gamsu sarai ba, ya ce, "Haka ne, baiwar Allah? Buta kika shiga nema?"

Maganar tana bakinta. Tana iya cewa a kawo leda da ruwa yanzu, a ɗaure mata fuska ma in ana so, a ba Salihu ƙofa guda a ba ta guda. Ta san yadda za a ƙare. Ta kuma san in ta faɗa, kafin magariba kayanta suna waje, kuma motoci biyar na Alhaji ba ɗaki ba ne, ba wanda zai kai mota wajen sakakkiyar makauniya a gindin bishiya. Ta sunkuyar da kai.

"Haka ne, Alhaji. Buta na shiga nema."

"Allah sarki," in ji Alhaji, daɗin wasan ya fita daga ransa. "Salihu, sake mini ita. A riƙa kulle ƙofar ciki."

Aka shigar da mota, aka rufe ƙofar ƙarfe. Salihu bai tambaye ta tun yaushe ba, bai tambaya ko yana ciwo ba. Ya kawo toka da dutsen goge kaushi ya tsaya a kanta ta dirje yatsunta har fata ta saluɓe. Sannan ya sa mata sakaina a hannu. Ta ɓare ledar, ta wanke, ta sake, ruwan sabulu yana shiga ciwon kamar barkono. Wannan karon ya duba da kansa, ta ciki da ta waje. Babu ko ɗigo.

Daga nan kasuwarsa ta ƙara buɗewa. Da ƙwararre ne kawai, yanzu ya zama ƙwararre mai tsoron Allah. Ya saya mata sanda, ya ce ta riƙa riƙewa in za ta fita, ko da tana iya zuwa maƙwabta ba ita. In baƙi sun zo yakan kira ta ta gaishe su don su gani.

Bayan wata biyar aka yi shela cewa wasu likitocin ido sun sauka a garin, za su yi kwana biyar suna cire yanar ido kyauta. Ya Kaka ta ji a rediyo. Tsohuwar nan da ƙyar take miƙewa, amma ta sa aka ɗora ta a mota ta zo Gure, ta karɓo wa Yabawa lamba tun kafin ta iso gidan. Ta zauna a zaure ta aika a kira Salihu.

"Ɗana, na zo in kai ta a buɗe mata ido. Ba a biyan ko dala. Ni zan yi jinya."

Salihu ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, har da tambayar gajiyar hanya. Ya ce bari ya shiga su yi shawara. Ya sami Yabawa a ɗaki ta riga ta yafa mayafi, takalmi a ƙafa, cike da murna. Ya tura ƙofa.

"Zauna ki ji. Garin nan kaf ya shaida ke makauniya ce tun da daɗewa. In kika dawo kina gani, Ɗan Talata zai fara lissafi, kuma ba shi kaɗai ba. Za a ce ashe yanar ta jiya-jiya ce, to kafin nan fa? Aikinki bai bukatar ido, mun gani. Ni ban hana ki ba, ƙofa a buɗe take. Amma in kika fita don wannan, ki wuce da Innarki gaba ɗaya, takardarki za ta same ki a can."

Ya faɗa ne a natse, kamar mai faɗin farashin leda. Ya fita ya bar ta.

Ta daɗe a zaune kafin ta lalubo hanyar zaure. Ta durƙusa kusa da tsohuwar ta gaya mata, wannan karon duka, tun daga motar ɗan kasuwar dabino. Ya Kaka ta saki salati, ta tsine wa Salihu, ta tsine wa nonon da ya sha, ta ce tashi mu tafi, ido ya fi miji, ido ya fi gidan uban kowa.

"Na sani, Inna. In an buɗe, a ina zan kwana?"

"A wajena mana!"

"Ke a ina kike kwana?"

Tun bayan bikin Rumasa'u aka ba ɗan Fadilu ɗakin Ya Kaka ya sa amarya, ita a ɗakin girki take shimfiɗa tabarma in an kashe wuta, kuma matar Fadilu tana ƙirga mata loma. Ta san Yabawa ta sani. Tsofaffin hannuwan nan da suka yi wa amaren Gidigir ƙunshi shekara hamsin suka kama fuskar Yabawa suna shafawa, ba abin da za su iya.

"Kwana biyar za su yi," in ji tsohuwar daga ƙarshe. Ta cusa mata takardar lambar a tafin hannu ta dunƙule mata yatsu a kai. "Yau ɗaya. Ina nan gidan Zaliha mai ƙosai, ba zan koma ba sai sun tafi."

Ta zauna kuwa. Kullum da safe sai ta sa a rako ta ƙofar gidan, ta zauna a dakali da sandarta har rana ta take, tana sauraron ƙaramar ƙofa. Yabawa tana jin tarinta daga cikin garaji. A satin motoci sun yi yawa, ana shirin zaɓen shugaban 'yan kasuwa, kowa yana son baƙin gilashi. Rana ta biyu Yabawa ta yi mota biyu, ta uku ta yi uku. Rana ta huɗu ta kai har bakin zaure da mayafinta, ta tsaya, ta ji Salihu a waje yana ba wani direba labarin yadda ake gane kumfar ruwa da ta iska, ta koma.

Rana ta biyar da azahar likitocin suka ɗaure kayansu. Ya Kaka ta leƙo zaure ta kira sunanta sau uku, irin kiran da take mata tana yarinya in ta daɗe a rijiya. Yabawa tana durƙushe a kujerar bayan wata mota, allura a bakinta, hawaye yana zuba a kan ledar da ba ta gani. Ba ta amsa ba. Salihu ne ya taso ya kama hannun tsohuwar, ya raka ta har tasha, ya sama mata kujerar gaba, mutane suna ta sa masa albarka.